Baƙo da Guzurinsa

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya zauna a Kajaani.
Na kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmi,
na shiga zauren da kakana Veikko ya yi shekara talatin
yana mayar da itace takarda.
Yau babu ƙanshin ɓawo,
sai kwamfutoci sahu-sahu
suna gunji ƙasa-ƙasa kamar amya.

Outi Rautiainen ta aiko aikinta cikin kwantena.
Ba ta ƙarfe ba, irin ta bakin teku:
ƙunshin manhaja ne, an ɗaure bakinsa tam,
matafiyin da ya taho da tukunyarsa, da murhunsa, har da gishiri,
don kada ya roƙi komai a gidan da ya sauka.
A ciki akwai tekun Baltik, an yayyanka shi gunduwa-gunduwa,
kowace gunduwa da na'urar da za ta lissafa
yaushe ƙanƙara za ta kama,
yaushe za ta saki.

Na gwada shi tsirara, ba ƙunshi: minti arba'in da ɗaya.
Na gwada da ƙunshi a na'ura guda,
ratar ba ta kai tsawon hamma ba.
Na ce madalla.
Na ba shi na'ura ɗari biyar da goma sha biyu,
na tafi dafa kofi.

Na dawo, shiru.
Awa ɗaya. Ɗaya da rabi.
Dubban ƙwaƙwale sun yi tagumi,
kowa ya gama nasa, yana jiran saƙon maƙwabci,
saƙon kuwa yana tafe kamar mai ƙaya a ƙafa.

Ruwa ba ya tsami banza.
Na bi bayanan aikin layi-layi,
kofi ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa.
Wajen sha ɗayan dare na gano bakin zaren:
baƙon namu, don tsabar kunya,
bai tambayi inda babbar hanya take ba.
Ga titin gidan a shimfiɗe, mai saurin walƙiya,
shi kuwa ya bi lungun da ya sani tun daga garinsu,
dubu suna turereniya a ƙofa ɗaya.

Layi biyu na rubuta.
Na huda ƙunshin kaɗan, na ce masa,
ari harshen masu gida, ka yi magana da wayoyinsu.
Minti arba'in da biyu da daƙiƙa tara.

Na kira ta, ko da yake dare ya yi nisa.
Na ce, saura minti ɗaya da 'yan kai,
ko in kwance ƙunshin baki ɗaya?
Ta yi tari, sannan ta yi dariya.
Ta ce, Aarni, baɗi zan ajiye aiki.
Wadda za ta gaje ni, wa ya sani,
ƙila yanzu take koyon ɗaura igiyar takalmi.
Ranar da za ta buɗe wannan kaya
injinanku sun bi na kakanka,
ni kuwa so nake ta tarar da tekuna yadda na bar shi.
Minti ɗaya? Na biya, araha ce.
Sai dai ramin nan da ka huda, rubuta inda yake,
kada ta lalube shi a duhu.

Na rubuta.

A waje, kekena ya nutse har sirdi.
Na tura shi ta gefen kogi,
bisa bututan da ke kwashe zafin zaurenmu
su kai shi gidajen mutane.
Tagar mahaifiyata ta yi gumi.
Ashe ko jiran banzan da na'urori suka yi ɗazu,
awa ɗaya da rabi na kuskurena,
yana can yana busar da safar wata tsohuwa.